Daga Unguwa Uku Zuwa Bakin Kanal: Tafiyata Taro A Ƙasar Kura Da Bunkure

   

Saƙonninku suna iso mini, kuma akwai tambaya ɗaya da ta fi kowacce maimaituwa: "Anti, yaushe za ki rubuta mana labarin da tauraruwar za ta je taro Turai, mu ga yadda ake sauka a filin jirgi, a hau jirgin ƙasa, a zaga gari?" Ba laifi, ni ma ina son irin wannan labari, tunda mun saba a littattafanmu da zarar Alhaji ya yi kuɗi sai a ce ya tafi taro Landan ko Faris. To amma bari ni ma in tambaye ku. Cikinku wace ce za a miƙa wa takardar gayyata yau, a ce taro ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Kadawa ƙarfe goma na safe, ta tashi daga gidansu ta isa wurin a kan lokaci ba tare da ta yi hawaye a hanya ba? Na san za ku yi dariya, amma wallahi wadda ba ta iya wannan ba, ko an kai ta Turai a bakin filin jirgi za ta tsaya tana rarraba ido. Shi ya sa yau na ce bari in ba ku labarin tafiyar da na yi a watan Fabrairu zuwa ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure, tafiyar da ba ta neman fasfo ko biza, buɗaɗɗen ido da bakin tambaya kawai take so.

Dalilin tafiyar shi ne, ina kan rubuta sabon littafi wanda tauraruwarsa 'yar masu turara shinkafa ce, kuma ba na so in zauna a ɗaki in ƙaga abin da ban taɓa gani ba. Gwaggona da ke aure a Kura ta aiko mini cewa za a yi taron manoma masu shan ruwan kanal, wato hanyoyin ruwan nan da aka gina suka ratsa gonaki, an kuma gayyaci mata masu sana'ar shinkafa. A taron za a tsara rabon ruwa, sannan a rubuta sunayen matan da za a ba bashin tukwanen turara na zamani. Ta ce in zo in kashe kwarkwatar idona.

Da na nemi izini wurin Baba, tambaya uku ya yi mini: wane gari, wa zai tarbe ki, yaushe za ki dawo? Da ya ji amsoshina sun zauna daram, sai ya ce Allah Ya kiyaye hanya, ya haɗa ni da ƙanena ɗan rakiya. Ku riƙe wannan da kyau, sau da yawa iyaye ba tafiyar suke ƙi ba, amsar da muke ba su ce ba ta da kai ba ta da gindi.

Tun da dare na rubuta sunan ƙauyen da lambar Gwaggo a takarda na soke a jaka, don waya cajinta yana iya ƙarewa a inda ba ki zata ba. Na tanadi canji ƙanana, da gorar ruwan sha, da takalmi marar tsini, da hijabi mai kauri saboda sanyin hunturu da ƙura.

Ƙarfe bakwai na safe A Daidaita Sahu ta sauke mu a tashar Unguwa Uku, bakin titin Zariya. Kai, tasha ba ta barci! 'Yan kamasho sun yo kanmu caa, wannan yana kiran Zariya, wancan Kaduna, wani yana neman fizgar jakata yana cewa, "Hajiya ina zuwa? Saura mutum ɗaya!" Na riƙe jakata gam, na wuce kai tsaye wurin wani dattijon direba na gaishe shi, na ce, "Baba, Kura za mu." Ya nuna mana motar da ke kan layi. Kafin in zauna sai da na tambayi kuɗin mota, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka gaya miki jiya ba lalle shi za ki tarar yau ba. Na kuma leƙa na ga motar ta kusa cika, akwai mata a baya, sannan na shiga. Motar da ba kowa cikinta ta fi daɗin zama, amma sai rana ta take kina nan kina jiran lodi.

Ga wani abu da ya kamata kowacce ta sani kafin ta bar Kano. Titin Zariya ɗaya ne, amma a garin Karfi hanya take rabuwa. Wadda za ta Bunkure ko Rano, a nan motarta za ta karya kwana ta bar babban titi. Wadda za ta Kura, Kadawa, Garun Malam ko Ciromawa, miƙewa za ta yi. Duka ɓangarorin biyu akwai kanal, akwai shinkafa, akwai tumatir, saboda haka in kika ce wa direba "wurin noman rani za ni" ba ki gaya masa komai ba. Sunan gari za ki kama.

Muka ɗauki hanya, muka wuce Na'ibawa da kasuwar 'Yan Lemo, muka haye gadar Tamburawa. Hazo ya rufe ko'ina, gonakin damina duk sun bushe ƙayau, ba komai sai karan dawa da awaki. Amma muna dosar Karfi sai na ga kamar an yaye labule. Kore shar, iya ganinki! Alkama ta yi luf tana rausaya, can ga fagen albasa, ga masara ta yi goyo a tsakiyar rani, ga samari sun sunkuya cikin tumatir suna tsinka. Ban san lokacin da na ce, "Ikon Allah!" ba.

Wani tsoho da ke kusa da ƙanena ya waigo ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, yau kika fara biyo hanyar nan da rani ko?" Na ce, "E, Baba." Ya ce, "Lokacin da nake yaro, da an gama girbi garin nan watsewa yake, maza duk sun tafi ci-rani, sai mata da tsofaffi. Audu Baƙo ne ya tare mana ruwa a Tiga. Yanzu mu ake zuwa wa ci-rani."

Maganar tsohon nan gaskiya ce. Marigayi Audu Baƙo shi ne gwamnan Jihar Kano na farko, daga 1967 zuwa 1975, kuma a zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka fara a 1971 aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya gallabi ƙasar Hausa. Madatsar an gina ta ne ta riƙe ruwa kusan mita biliyan 2 mai cubic, wato in an auna da ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi. Daga can ruwan yake biyo babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu reshe biyu: na gabas ya nufi ƙasar Bunkure, na yamma ya nufi Garun Malam da Kura. Abin mamakin, ba inji ke turo shi ba, gangara kawai yake bi, don Tiga ta fi gonakin tudu. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Daga Kano zuwa Kura kimanin kilomita 30 ne, kafin hirarmu da tsohon ta ƙare har mun iso. Tun ban sauka ba wani ƙamshi ya daki hancina, ƙamshin shinkafa a kan wuta. Ko'ina ka duba shanya ce, an baza shanshera a kan tamfol har bakin titi, injinan casa suna ta ruri, ɓuntu ya taru tsibi-tsibi, ga manyan motoci ana loda buhuna.

Gwaggo ta tarbe mu da murna, ta ce, "Maraba da 'yan birni, kun sha hanya! Ya kuka baro su Yaya?" Muka gaisa, ta kawo mana koko da ƙosai, amma ni hankalina yana tsakar gida, inda wata ƙatuwar tukunya ke kan murhu tana tururi. Ta ga ina kallo sai ta yi mini bayani. Shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ana wanke ta a jiƙa a ruwan ɗumi ta kwana, da safe a tsame a turara har ɓawon ya fara tsagewa, a shanya ta bushe, sannan a kai inji. Turarawar ce ke sa ƙwayar ta yi ƙarfi ba ta karyewa a inji. Matsalar tsohuwar tukunya, ta ƙasa tana zaune cikin ruwa tana dahuwa har ta ƙone, ta sama ba ta ji wuta ba, ga cin itace. Ta zamani kuwa tana da rariya a ciki, shinkafa tana sama ruwa yana ƙasa, tururi ne kawai ke ratsa ta, sai ta fito fes launinta ɗaya, kuɗinta ma daban a kasuwa. Gwaggo ta ce, "Kin ga wannan tukunya da ake maganar bayarwa? Wadda ta samu, 'ya'yanta sun huta da korar kuɗin makaranta."

Kafin shinkafa ma Kura ta yi suna. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da sarakuna da Buzaye ke naɗawa, wanda ake kira Ɗan Kura, sunan garin nan ya ci, saboda marina da mabuga na garin da suka shahara tun zamanin fatake.

Ƙarfe tara muka fito. A cikin birnin Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, amma a nan ƙauyuka shi ne sarkin hanya, don hanyoyin cikin gonaki ba kowace mota ke shiga ba. Gwaggo ta kira 'yan acaɓa uku da ta sani, 'ya'yan unguwarsu, ta ce da nawa, "Kai, ka bi mini da 'yata a hankali, ba buhun shinkafa ka ɗauko ba." Muka bar kwalta muka hau wata jar hanya da ke bin gefen kanal.

'Yan uwa, a nan na ga abin da ban taɓa gani a littafi ba. Ruwa garai-garai yana tafiya cikin siminti ba ƙara ba hayaniya, a wani wuri ga ƙofar ƙarfe mai sitiyari a sama, in an murɗa ta ɗaga ruwa ya shiga ƙaramin kanal, daga shi kuma ya shiga wanda ya fi shi ƙanƙanta, har ya kai bakin gona. A can manomi zai ɗauki guntun tiyo ya nutsa shi cikin ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi a kan kunya, sai ki ga ruwa yana tsallakowa da kansa. Mai babur ɗina ya ga ina ta waige-waige, ya ce, "Hajiya, a nan ba a ɓata. In kin rasa hanya ki nemi ƙaramin kanal ki bi shi ta inda ruwa ke fitowa, zai kai ki babba. Babban kuma in kin bi inda yake gangarawa, wajen Kura kika nufa, in kin saɓa masa, Tiga kika dosa." Na ce a raina, ashe kowane gari da irin taswirarsa, ta nan da ruwa aka zana.

Goma saura kwata muka isa makarantar firamaren da ake taron. An jera bencina ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya. Aka buɗe da addu'a, aka shiga maganar ruwa, nan fa wuri ya ɗau zafi. Waɗanda gonakinsu ke bakin ƙofa suna cewa ruwa ya wadata, na can ƙarshen layi suna rantsuwa cewa sai dare ya raba yake iso musu, wani lokacin ma ba ya isowa, saboda ciyawar kacalla da yashi sun cushe hanya, wasu kuma suna tarewa su sha fiye da rabonsu. Wani jami'i ya tuna musu cewa tun da aka shigo da shirin gyaran da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an gyara kanal da yawa, amma yashe ƙananan hanyoyi da tara kuɗin ruwa yana wuyan ƙungiyoyin manoma ne da kansu. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsayar da ranakun kowane layi da ranar aikin gayya.

Daga nan aka juyo kan mata. Aka ce tukwanen ba su da yawa, saboda haka waɗanda ke wurin za a fara rubutawa. Kusa da ni akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha huɗu ba, 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, tana riƙe da hannun mahaifiyarta. Uwar ta ce mini, "Wallahi 'yar nan, ba don ita ba da ban zo ba. Ita ta karanta takardar, ta ari wayar wanta ta kira ta tambayi sunan garin, da wace makaranta, da inda za mu sauka. Tun asuba ta tashe ni." Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ita ce ta miƙe ta faɗi sunan uwarta da ƙarfi har mai rubutu ya ji. Su ne na bakwai a layi.

Ana gab da tashi, wajen ƙarfe ɗaya, sai ga wata mata ta faɗo wurin da goyo a bayanta, ƙafafunta futu-futu da ƙura, tana haki. Daga wani ƙauye take ta ɓangaren Bunkure. Saƙon baki ya isa gare ta, wannan ta gaya wa waccan, kafin ya kai kunnenta sunan garin ya zube a hanya, abin da ya rage kawai "taro a makarantar bakin kanal." Ita kuwa garinsu ma akwai makaranta a bakin kanal, can ta je ta zauna tun ƙarfe tara ita kaɗai. Da ta gane, sai da ta hau babur zuwa Bunkure, ta shiga mota zuwa Karfi, ta sake wata zuwa Kura, sannan wani babur ɗin. Kuɗin da ta ƙulla na cefane duk ya tafi a hanya. Mai rubutu ya ce takarda ta cika. Matar nan ba ta ce uffan ba, ta dai tsuguna ta kwance goyonta tana ba shi nono, hawaye na bin kumatunta. Mijinta ya rasu bara, da turarar nan take riƙe da yara biyar. Su Gwaggo suka taso suka yi ta roƙo, daga ƙarshe aka rubuta sunanta a bayan takarda, aka ce in wata ta janye za a neme ta. Har na baro garin ban ji an neme ta ba. Ita da uwar yarinyar can sana'arsu ɗaya, buƙatarsu ɗaya, abin da ya raba su kawai sanin hanya.

Bayan an yi sallar azahar, ana cin dafa-duka, na matsa kusa da wata injiniya da ta zo tare da jami'an, Bakanuwa ce mai fara'a. Na gaya mata tambayar da kuke yi mini, ta yi dariya har da tafawa. Ta ce, "Ƙanwata, ai kanal ɗin nan da kike gani, injiniyoyin ƙasar Holan ne suka zana shi. Ni kuma na taɓa zuwa taron masana ruwa a babban birninsu, Amstadam." Na gyara zama na ce, "Anti, don Allah ba ni labari."

Ta ce da can jirgin KLM yana tashi daga Kano kai tsaye, amma ya daina tun 2012, don haka ta Legas ta bi. Filin jirginsu, Schiphol, yana ƙasa da doron teku, kamar yadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yake. Mu nan jawo ruwa muke yi, su can korar sa suke yi, kuma ƙungiyoyinsu na kula da ruwa sun haura shekara 700. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin, matakala kawai za ki sauka. Zauren da aka yi taron, wanda ake kira RAI, yana kudancin birnin kuma yana da tasharsa, tafiyar kamar minti goma. Amma baƙi da yawa da sun ga an rubuta Amstadam sai su faɗa jirgin da ke zuwa babbar tashar tsakiyar gari, sai sun sauka su ga ashe sun yi nisa da zauren. Ta ce, "Kin gani ko? Su ma suna da Karfinsu."

Ta ce a cikin gari akwai tarago mai lantarki da ke bin tsakiyar titi, kati ake dangwalawa in za a shiga, a sake dangwalawa in za a fita. Kekuna sun fi mutanen birnin yawa, suna da hanyarsu daban mai jan launi, baƙon da ya tsaya a kanta yana kallon gine-gine zai sha ƙararrawa. Tsohon garin kuwa kanal ne suka kewaye shi zobe-zobe, in kin ɓata sai ki ƙirga gadojin da kika haye. Na ce, "Anti, ba ki ji tsoro ba?" Ta ce, "Tsoron me? Abin da ya kai ni zauren nan shi ya kawo ki nan yau. Na rubuta sunan wurin, na san tashar da zan sauka, na tambayi mai kayan aiki ba ɗan zaman banza ba, na kuma fita da wuri."

Da la'asar ta rage mana hanya a motarsu, ta zaga da mu. Muka bi ta Kadawa, inda aka fara gwajin noman ranin nan, kuma inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ke da tashar gwaji. Ta nuna mana kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a 2016, wanda ya sha tsayawa yana tashi saboda ƙarancin tumatir. A shekarar ce ma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki, tumatir ya yi tsadar da matan aure ba za su manta ba. Muka tsaya a Kwanar Gafan, kasuwar tumatir, kwanduna jawur jere reras, ana loda su a manyan motoci zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Ta ce can gaba kuma akwai Bagauda, inda otal ɗin bakin tafki yake, wanda a da manyan tarurrukan Kano can ake yin su, yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa masu karatunki, wata cikinsu da ikon Allah ta wannan titin za ta bi ta je ta zama lauya."

Washegari kafin mu koma Kano, ni da Gwaggo da ƙanena muka sauka a Karfi muka shiga motar Bunkure, muka kai wa matar nan ɗan abin da matan unguwa suka harhaɗa mata. Ɓangaren nasu ma kore ne shar, masara da albasa da tumatir har bakin hanya. Mun same ta a bakin murhu da tsohuwar tukunyarta, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta rasa inda za ta sa mu don murna. Gwaggo ta karɓi lambar wayar maƙwabcinta, ta ce daga yau duk taron da za a yi ita da kanta za ta kira, ta faɗi sunan gari sau biyu.

Gargaɗi ɗaya ga duk wadda za ta je. Ruwan kanal yana da kyaun gani, za ki ga yara suna ta alkafura a ciki, amma kada ki kuskura ki shiga. Babban yana da zurfi da ƙarfi, gefensa siminti ne mai santsi, wanda ya zame da wuya ya samu abin kamawa. Sannan irin wannan ruwa akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Ki yi kallonki daga tudu.

To 'yan uwana, labarin Turai yana nan tafe, alkawari ne na ɗauka. Amma kafin nan, ƙanwata 'yar makaranta, duk ranar da aka kawo takarda gidanku, ta taron iyaye ce, ta asibiti ce, ta rabon taki ko ta jarrabawa, kada ki bari a soke ta a jikin katanga. Ki karanta wa Inna, ki tambayi sunan gari, da sunan wurin, da inda ake sauka, da lokaci, ki rubuta. Ki nemi izini da cikakken bayani, ki tafi da ɗan rakiya, ki fita da wuri, ki dawo kafin magariba. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san abin da zai tambaya da wanda zai tambaya.

Ina miƙa gaisuwa ga matan Kura da Bunkure da Garun Malam masu fama da wuta da hayaƙi don mu ci shinkafa a birni, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Ku kuma ina jiran saƙonninku, kowacce ta ba ni labarin tafiyar farko da ta taɓa jagoranta, ko da zuwa garin kakanni ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.